Shekarun Wani a Tsakar Gidanmu

Duk garin da ke faɗaɗa, bishiyoyi ne ke fara biyan kuɗin faɗaɗar. A yanka gona a mayar da ita fuloti, a ja sabon titi ta tsakiyar tsohon lambu, a rushe gidan gado a gina shaguna. Kafin bulo ko kwalta su iso, katafila ta riga ta wuce, ta bar darbejiya da mangwaro a kwance, masu itacen wuta na jiran su da gatari. A cikin bishiyoyin nan akwai wadda takan tsira daga wannan hukunci, wato dabino da wasu danginsa. Maimakon a sare shi, sai a haƙe shi da ƙasar gindinsa, a ɗaure ganyensa, a ɗora a babbar mota, a kai shi wani sabon gida. Gidan da jiya ko inuwar tsayuwa babu, yau sai ga dabino ya zarce katanga, kamar tun zamanin kakanni yake wurin.

Da yawanmu mukan kira wannan aiki ceto, kuma sau da dama ceton ne. Sai dai akwai tambayar da ba mu cika yi ba. Idan muka karɓi bishiyar da wani ya shuka, ya yi shekara 20 ko 30 yana kula da ita, me ya hau kanmu? Kuɗin da muka miƙa wa dillali ya sauke mana nauyi, ko kuwa daga ranar nauyin ya fara?

Kafin mu shiga batun haƙƙi, yana da kyau mu san abin da ya sa dabino ke jure abin da tsamiya ba za ta jure ba. A wajen masana tsirrai, dabino da giginya da goruba da kwakwa sun fi kusa da dawa da rake a kan kusancinsu da kuka ko ɗorawa. Babban dabino ba shi da uwar saiwa guda mai nutsewa ƙasa tana rassa. Saiwoyinsa sirara ne kamar igiya, masu ɗimbin yawa, kuma duk daga gindi suke fitowa. In an yanke su wajen haƙa, gindin na iya fitar da sababbi. Shi ya sa ake iya ɗaukar dabino mai tsayin mita 6 da dunƙulen ƙasa kaɗan, ya kuma rayu.

Halittar da ta ba shi wannan sauƙi ita ce kuma ta bar shi da rauni biyu. Na farko, jikinsa ba ya warkar da ciwo. Mangwaro in an sare shi da adda, ɓawo yakan taso ya rufe wurin. Dabino kuwa, duk ƙusar da aka buga masa, duk sarƙar da ta ci jikinsa wajen ɗagawa, tabon yana nan har ƙarshen rayuwarsa, ƙofa a buɗe ga ruɓa da ƙwari. Na biyu, wurin tohonsa ɗaya ne tak, can cikin tsakiyar kai, inda sabon ganye ke fitowa a naɗe kamar mashi. Idan wurin nan ya fashe ko ya ruɓe, shi ke nan, gangar ba ta da wata hanyar sake toho.

Haƙƙi na farko da bishiyar ke da shi a kanmu shi ne mu san ko ita wace ce. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin bishiyar da aka tumɓuke takan zo ne an rage mata ganye, an ɗaure sauran, ba fure, ba 'ya'ya. Duk sun zama dogon kututture mai tuntu a ka. Mai sayarwa kuma sunan da ya fi tsada zai faɗa. Rashin sani ya fi dare duhu, amma a nan duhun mai yayewa ne in mun tsaya mun duba.

A fara da ganye. Ganyen giginya da na goruba a buɗe yake kamar mafici. Na dabino da na kwakwa dogo ne kamar gashin tsuntsu, ƙananan ganye jere a gefe biyu. Cikin masu mafici, goruba ce ke rabuwa biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu, kuma hannun ganyenta na da ƙaya mai lanƙwasa. Giginya tsaye take sambal ba reshe, in ta kai kusan shekara 25 sai ta fara kumburi a saman tsakiyar gangarta. Cikin masu gashin tsuntsu, ganyen dabino kore ne mai ratsin toka, ƙananan ganyen da ke kusa da ganga sun rikiɗe sun zama ƙaya masu tsini, jikinsa cike da guntayen tsofaffin ganye, kuma sau da yawa 'ya'ya na tsirowa a gindinsa. Kwakwar manja ta fi shi duhun kore. Kwakwar attagara jikinta zobe-zobe ne, takan ɗan karkata. Akwai kajinjiri, wanda wasu ke kira dabinon biri, siriri mai tsirowa a tare a bakin rafi, 'ya'yansa ƙanana. Akwai kuma baƙuwar kwakwar ado da ke jere a titunan Abuja, mai santsin jiki kamar ginshiƙin siminti da koren wuya, wadda tushenta Kuba da ƙasashen da ke kewaye da ita.

Kowace da abin da take nema. Kwakwar manja da ta ado 'yan ƙasar ruwa ne. Wanda ya kai su Katsina ko Damagaram ya ɗaukar wa rijiyarsa aiki na har abada. Giginya da goruba sun fi dabino ƙin a taɓa musu gindi, ga nauyi, don haka yawancin masu ƙoƙarin ɗaga manyansu asarar bishiyar suke yi. Macen giginya kuma tana jefo 'ya'ya masu nauyin kusan kilo 1 daga sama, abin da ya kamata mai yara a tsakar gida ya yi tunani a kai tun kafin ya haƙa rami.

Ko an tabbatar dabino ne, da sauran tambaya. Dabino yana da namiji da mace, kowane a bishiyarsa. Wanda aka shuka daga ƙwallo, kusan rabi maza suke fitowa, kuma ba a rarrabe su da tabbaci sai sun yi fure. Furen namiji fari ne, a cunkushe, in an girgiza shi gari na zuba. Na mace ƙananan ƙwayoyi ne jere a dogayen silili. In ba lokacin fure ba ne, a leƙa cikin kai a nemi busassun sandunan da suka taɓa ɗaukar 'ya'ya. Abin da ya fi duka sauƙi shi ne a je unguwar da aka ciro shi a tambayi yara, domin babu yaron da bai san dabinon da ke zuba da wanda ba ya zuba ba. Manoman dabino kan bar namiji 1 ga mata kusan 50, su hau su ɗauki furensa su sa a cikin na mace da hannu. Saboda haka namiji ne ake saurin rabuwa da shi, shi ne kuma ya fi yawo a kasuwa. Namijin ba abin yarwa ba ne, yana ba da inuwa, yana iya zama uban dabinon unguwa guda. Amma wanda ya saye shi da zaton zai yi buɗa-baki da 'ya'yansa, zai yi shekaru yana zargin bishiya da laifin da ba nata ba. Yawancin zaluncin da ake yi wa abin da aka ɗauko riƙo daga nan yake farawa: a sa masa ran abin da ba a halicce shi da shi ba, in ya kasa a ce ya yi butulci.

Haƙƙi na biyu na mutane ne. Bishiyar da ke kwance a gefen titi ba ta rasa mai ita don kawai tana kwance. A wurare da dama a ƙasar Hausa, ana iya gadon bishiya daban da gonar da take ciki, har a ji an ce gonar ta wane ce amma dabinon na 'yar'uwarsa ne. Dokar filaye ta Najeriya ta 1978 ta tanadi diyya kan gini da amfanin gona idan hukuma ta karɓi fili don amfanin jama'a, wato ita ma ta san abin da ke kan ƙasa yana da mai shi. A fiƙihu kuwa, tsintuwa mai daraja cigiyarta ake yi har shekara. To ina ga abin da aka san gonar da ya fito? Mai gadin wurin aiki ko direban katafila na iya karɓar kuɗinmu, amma hakan bai mayar da shi mai dabino ba. Tambayar wa ya shuka, wa ya gada, an biya shi ko ba a biya ba, tana iya ɗaukar yini guda. Wanda ya ga yini guda ya yi masa yawa a kan bishiyar da zai zauna da ita shekara 40, da wuya a ce ceto ne ya dame shi.

A nan ne maganar ta fi tsauri. Akwai bishiyar da za ta mutu ko mun zo ko ba mu zo ba, akwai kuma wadda kuɗinmu ne ya tumɓuke ta. A bayan mota kamarsu ɗaya. A kwarin Coachella na Kalifoniya a Amurka, manoma kan sayar da tsofaffin dabinai da suka yi tsayin da hawansu ya zama wahala, a kai su otal-otal da tituna, su kuma su dasa ƙanana a gurbinsu. Wannan ciniki ne da bai bar kowa da hasara ba. Amma da zarar masu hali sun nuna suna son babban dabino ko nawa ne, dillali ba zai zauna jiran a yi titi ba. Ƙauye zai nufa, ya sami magidancin da rani ya matsa, ya ajiye masa kuɗin da bai taɓa riƙewa a dunƙule ba. Bishiyar da ke ciyar da gida kowace shekara sai ta koma ado a ƙofar wanda ba ya ma buƙatar 'ya'yanta. Cinikin ya halatta, an yi shi da yardar juna, duk da haka inuwa ta tashi daga wurin da ba ta da yawa ta koma inda ake da na'urar sanyaya ɗaki. Irin wannan matsin lamba na cikin abin da ya sa Maroko ta kafa doka ta musamman a 2007 don kare gonakin dabino, ta sa sai da izini ake tumɓuke shi.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Gulbin Kaba a jihar Maraɗi sunansa ma daga ganyen goruba ya samo, kuma mata da yawa da saƙar tabarma da igiya suke rufa wa kansu asiri. Dazukan giginya na Dallol Mauri kusa da Gaya su ne tushen azarar da gara ba ta ci da murucin da ake kaiwa kasuwanni. Dabinon In Gall da Timiya da Bilma abinci ne da jari. A irin waɗannan wurare, kowace babbar bishiya wani ɓangare ne na arzikin gari, wanda in an ɗauke ba a mayar da shi a shekara 10.

Sannan bishiya ba ita kaɗai take tafiya ba. Akwai wani jan ƙwaro mai dogon baki, ɗan asalin kudanci da kudu maso gabashin Asiya, wanda macensa ke zuba ƙwai a ciwon dabino ko gindin ganye, tsutsotsinsa su yi ta cin cikin ganga ba a gani, sai kan bishiyar ya faɗi. Ya shiga ƙasashen Larabawa na yankin Gulf a tsakiyar shekarun 1980, ya isa Masar a 1992, daga nan ya tsallaka Sifaniya a tsakiyar shekarun 1990 cikin manyan dabinai da aka yi odarsu don ƙawata sababbin unguwanni da bakin teku. Ya hallaka bishiyoyi masu yawan gaske a ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum, ya kai har tsohon lambun dabino na garin Elche, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2000. Babu wanda ya yi niyyar ɓarna a cikin masu odar nan. Sun dai ƙagu ne su sami inuwa da wuri. A Afirka ta Yamma ma akwai ɗan'uwan wannan ƙwaro mai bin ƙamshin ciwon kwakwa. Don haka duba ramuka a ganga, da ruwa mai wari, da tsaki kamar na zafin katako a gindin ganye, haƙƙin maƙwabta ne a kanmu, domin ƙwaro bai san katanga ba.

In an tsallake waɗannan duka, sai haƙƙi na uku, wanda ya fi daɗewa: riƙo. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka rami ake fara haƙawa kafin a taɓa bishiyar, kuma farkon damina ya fi tsakiyar hunturu ko tsananin bazara. A rufe saiwoyi da jiƙaƙƙen buhu, kada su kwana a rana da iska. A ɗaga da majanyi mai faɗi, ban da sarƙa, a kuma tallafi kai kada ya girgiza ya fashe daga ciki. A rage tsofaffin ganye kamar rabi, domin saiwar da ta rage ba za ta iya shayar da su duka ba. A dasa shi daidai zurfin da yake a da, ko da an so a binne shi don tsayinsa ya yi daidai da na ɗan'uwansa. A tokare shi da katako ta gefe uku, a naɗa buhu a inda katakon zai taɓa, ban da ƙusa, a bar tokarar wata 6 zuwa shekara. A riƙa ba shi ruwa a kai a kai ba tare da ya kwanta a gindi ba. Taki kuma sai an ga sabon toho.

Abin da ya fi ba da mamaki shi ne dabino na iya mutuwa ya ci gaba da zama kore. Gangarsa ma'ajiyar ruwa ce da abinci, don haka yakan yi watanni yana cin abin da ya tara a tsohuwar ƙasarsa, alhali bai kafa saiwa ko ɗaya a sabuwar ba. Mai gida na nuna wa baƙi, ana sa albarka, bishiya kuwa guzurinta take ƙarasawa. Masu lambu suna da hanyar ganewa. Su ja layi ɗaya da alli ko fenti a kan sabon ganyen tsakiya da wanda ke kusa da shi. Bayan 'yan makonni, in layin ya rabu, na tsakiya ya yi sama, to da rai. In kuwa an ja ganyen tsakiyar ya zare cikin sauƙi da wari, sai haƙuri. Ranar da aka sauke shi daga mota ba ita ce ranar ceto ba. Sai ranar da layin nan ya rabu za a iya cewa an yi wani abu.

Labarin Salmanul Farisi, Allah ya yarda da shi, ya nuna an daɗe da sanin haka. Fansar da ubangidansa ya yanka masa ita ce dabino 300 da zai dasa su rayu, da uƙiya 40 ta zinariya. Sahabbai suka tara masa 'ya'yan dabino, kowa gwargwadon ƙarfinsa, aka haƙa ramuka, Annabi (SAW) ya sa su da hannunsa mai albarka, kuma suka kama. Sharaɗin rayuwarsu ne, domin kowa a Madina ya san jefa dashe a rami ba shi ne wahala ba.

Wani zai ce an cika tsanani. Bishiyar nan da wuta za ta ci, ko ta ruɓe a juji. Duk wanda ya ɗauke ta, ko don ado ne, ai ya fi wanda ya bar ta. Kuma dattijon da ya gina gida yana da shekara 65, laifi ne don ya so ya zauna a inuwa kafin ya bar duniya? Wannan magana tana da ƙarfi, kuma gaskiya ce. Son inuwa da wuri ba zunubi ba ne, kuma barin bishiya mai rai ta bushe a gefen titi don gudun zargi ba tsoron Allah ba ne. Abin da muke cewa kawai shi ne mu kira abin da sunansa. Mai dasa babban dabino lokaci ya saya, wato shekarun da wani ya yi yana ɗebo ruwa, yana kore awaki, yana jira. Kuɗi na iya biyan mai bishiya, amma ba ya ƙara wa ƙasa bishiya ko ɗaya. Jiya guda ce a gonar wani, yau guda ce a gidanmu. In duk masu hali suka koma saye, ba mai shukawa, wata rana dillali zai fita ya dawo hannu rabbana.

Saboda haka bashin da ke kanmu ba ya biyuwa ga wanda ya shuka, domin sau da yawa ya riga mu gidan gaskiya, ko sunansa ba mu sani ba. Gaba ake biyansa. Dabinon da aka dasa in ya kama, ya fitar da 'ya'ya a gindi, a cire su a ba maƙwabci, ko masallaci, ko makarantar unguwa, tunda ɗan gindin mace mace ne, irin uwarsa sak, kuma cikin shekara 4 zuwa 6 yakan fara haihuwa. Mai neman ingantaccen iri na iya tuntuɓar reshen binciken dabino na cibiyar NIFOR da ke Dutse a Jigawa. In giginya ce ta ba mu sha'awa, mu binne ƙwallonta a inda muke so ta tsaya, mu bar wa jikoki kallon kumburinta. Hadisi sananne ya kwaɗaitar da wanda tashin alƙiyama ya riska da ɗan dashe a hannu ya dasa shi in ya sami iko, kuma kalmar da ta zo a cikinsa ɗan dabino take nufi.

Hausawa kan yi wa mai kyautata wa bare ya bar na gida habaici da inuwar giginya, na nesa ka sha. A wajen mutum zargi ne. A wajen bishiya kuwa haka abin yake tun asali: mai shukawa daban, mai shan inuwa daban, tazarar da ke tsakaninsu wani lokaci taku 20 ce, wani lokaci shekara 50. Mu da muka sami babban dabino a tsakar gida dare ɗaya, mu ne na nesan. Abin da ya rage shi ne ko za a sami wani na nesa da zai sha tamu.